Kiɗa ne kai tsaye ko faifai aka kunna? Bayani kan lufa da mawaƙin da ke hawa dandamali shi kaɗai

A watan Yunin 2017, mawaƙin Ingila Ed Sheeran ne ya rufe bikin kiɗa na Glastonbury, ɗaya daga cikin manyan tarukan kiɗa na Birtaniya. Shi kaɗai ya hau dandamali, da jita rataye a wuya. Babu mai ganga a bayansa, babu 'yan amshi. Amma abin da ke fitowa daga lasifika ya fi ƙarfin mutum ɗaya: ga bugu kamar na ganga, ga jita biyu suna tafiya tare, ga muryoyi suna karɓa masa. Wasu daga cikin masu kallo ta talabijin suka shiga kafafen sada zumunta suna cewa faifai aka kunna masa, shi kuma yana bi. Sai da ya fito ya yi bayani cewa duk abin da aka ji a wurin ya yi shi, kuma na'urar da ke gaban ƙafarsa ce ke maimaita masa.

Wannan na'ura ita ce lufa. Yanzu bidiyon masu amfani da ita ya cika YouTube da TikTok, kuma duk inda aka saka irinsa sai gardama ta tashi a ƙasa: wasu su ce gwaninta ce, wasu su ce yaudara ce. Gardamar ta fi kama mai kallo Bahaushe, domin ya saba ganin mawaƙi a wurin biki riƙe da makirufo yayin da dije ke kunna waƙar da aka gama haɗawa a situdiyo. Idan ya ga mutum ɗaya yana fitar da kiɗan mutum biyar, abin da zai fara zato ke nan. Abubuwan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake akwai wurin da suke haɗuwa, kuma a wannan wurin ainihin matsalar take.

Abin da lufa ke yi

Lufa ƙaramin akwati ne da ake sa wa tsakanin kayan kiɗa ko makirufo da lasifika. Mafi yawansu a ƙasa ake ajiye su, suna da feda da ake takawa, saboda hannuwan makaɗi suna kan aiki. Aikinta guda ne: ta naɗi ɗan guntun sauti, ta ci gaba da maimaita shi ba tsayawa.

Ga yadda abin ke gudana. Mai jita ya taka feda, na'ura ta fara naɗa. Ya buga jikin jitar da tafin hannu, ya fitar da bugun da zai zama gangar waƙar, na tsawon daƙiƙa takwas misali. Ya sake takawa. Nan take bugun ya dawo ta lasifika, ya kai ƙarshe ya koma farko, haka zai yi ta zagayawa. Yanzu hannunsa ya samu sarari. Ya sake taka feda, ya kaɗa manyan tsirkiyoyi masu kauri, sautin ya hau kan bugun farko. A zagaye na gaba ya ɗora kiɗan jitar sosai. Sai ya matso ga makirufo ya rera amshi, ya sake rera shi da siririyar murya, ya ɗora a kan na farko. Cikin minti ɗaya ko biyu kiɗa ya cika, shi kuma ya shiga baitocin waƙa. Yana iya kashe wani sashe ya bar murya da ganga kawai, ya sake dawo da shi idan an zo amshi. Da waƙa ta ƙare ya danne feda, komai ya goge. Waƙa ta gaba daga shiru za a sake farawa.

Abin lura a nan shi ne lokacin da aka naɗi sautin. A gaban jama'a aka yi shi, 'yan daƙiƙu kafin a ji shi yana dawowa. Da mamin ba haka ba ne: muryar da ake ji an naɗe ta tun da daɗewa, mawaƙi baki kawai yake motsawa. Akwai kuma na tsakiya, wanda ya fi yawa a duniya: a kunna kiɗan situdiyo da aka cire wa murya, mawaƙi ya rera da muryarsa ta gaskiya a kai. Fiyano mai kiɗan ciki, wadda ake danna maɓalli ganga ta tashi da kanta, ita ma daban take, domin kamfanin da ya ƙera ta ko wani mai haɗa kiɗa ne ya shirya bugun, ba wanda ke tsaye a gabanta ba.

Daga tef zuwa feda

Dabarar ta girmi na'urar da shekaru masu yawa. A 1948, a situdiyon gidan rediyon Faransa da ke Paris, Pierre Schaeffer ya riƙa yanka faifan garmaho da layi mai rufewa, ta yadda allura za ta yi ta zagaya wuri ɗaya tana maimaita guntun sauti. A Amurka kuma, kusan lokaci guda, mai jita Les Paul yana ɗora kiɗa kan kiɗa a faifai da tef har mutum ɗaya ya yi kamar rukuni. Waɗannan duka aikin ɗakin naɗa ne.

Fitar da abin gaban jama'a ya zo da rikoda biyu. A 1963 Terry Riley, ɗan Amurka, ya yi aiki a Paris da wani tsari da tef guda ke bi ta cikin rikoda biyu da aka ajiye da ɗan tazara: ta farko tana naɗa, ta biyu tana kunnawa tana mayar wa ta farko. Tsawon tef ɗin da ke tsakaninsu shi ne tsawon zagayen. Brian Eno da mai jita Robert Fripp suka ɗauki wannan tsari a Ingila da rikodojin Revox biyu, suka fitar da faifai a 1973, daga baya Fripp ya riƙa yawo da su yana wasa shi kaɗai. Kaya ne masu nauyi, tef yana tsinkewa, kuma kowane zagaye sautin baya yana ƙara dusashewa.

Da fasahar kwamfuta ta shigo, ƙwaƙwalwar ajiya ce ta zama cikas, don tana da tsada. A farkon shekarun 1980 kamfanin Electro-Harmonix ya fitar da feda mai riƙe daƙiƙa 16, kuma a lokacin abin a zo a gani ne. JamMan ta kamfanin Lexicon, a farkon shekarun 1990, daƙiƙa 8 take zuwa da su, sai an ƙara mata ƙwaƙwalwa ta kai 32. Abin ya sauya a 2001, lokacin da Boss na ƙasar Japan ya fitar da RC-20 mai ɗaukar sama da minti 5 a farashin da matsakaicin makaɗi zai iya. A 2004 mawaƙiyar Sikotilan KT Tunstall ta fito a shirin kiɗa na Jools Holland a talabijin ɗin BBC, ita kaɗai da jita da tamborin (abin kaɗawa na hannu mai kacau-kacau) da fedar kamfanin Akai, ta haɗa waƙa a gaban kyamara. Mutane da yawa a Birtaniya ranar suka fara ganin yadda ake yi. A 2013 aka samu na'urori biyu da suka buɗe ƙofa ta fuskoki daban: Ditto ta TC Electronic, 'yar ƙarama mai feda ɗaya da maɓallin ƙara ɗaya, da kuma RC-505 ta Boss, wadda ake ajiyewa a kan tebur, mai layi biyar, wato zagaye biyar daban-daban, da ake sarrafawa da yatsu. Ta biyun ce ta zama kayan aikin masu kiɗa da baki, har gasar Grand Beatbox Battle ta ware musu rukuni nasu. Bayan shekara biyu, a Yulin 2015, Sheeran ya cika filin wasa na Wembley dare uku a jere ba tare da ko makaɗi ɗaya a bayansa ba.

Inda ake tuntuɓe

Masu cewa na'ura ce ke yin aikin galibi ba su san inda wahalar take ba. Tana cikin takun ƙafa na biyu, wanda ke rufe zagayen farko. A ɗauka waƙa tana tafiya da bugu 120 a minti, zagayen kuma daƙiƙa takwas ne. Idan ƙafa ta makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, wannan ɗan jinkiri ya shiga cikin naɗin. A waƙar minti huɗu zagayen zai dawo sau 30, kuma sau 30 kiɗan zai yi ɗingishi a wuri guda. Makaɗin da ke cikin rukuni idan ya kuskure sau ɗaya, ya wuce, abokan aikinsa su rufa masa asiri. Lufa ba ta rufa asiri. Kamar gini ne: idan tubalin farko ya karkace, duk abin da aka ɗora a kai karkacewa zai yi, sai dai a rushe a sake.

Idan kuma akwai mai ganga na gaske a gefe, matsalar ta sake salo. Mutum yana ɗan ƙara sauri idan wasa ya yi zafi, yana ja baya idan murya ta yi sanyi. Na'urar ba ta san wannan ba. Dole mai ganga ya bi ta, ba ita za ta bi shi ba, kuma idan bai jin ta sosai a kunnensa, cikin rabin minti sun rabu. Shi ya sa lufa ta fi karɓuwa a hannun masu wasa su kaɗai.

Sai batun makirufo. Jitar da aka jona da waya sautinta tsaf yake shiga. Makirufo kuwa duk abin da ke wurin yake kwasa. Yayin da mawaƙi ke ɗora amshi, makirufon yana jin kiɗan da lasifika ke fitarwa, ya sake naɗe shi. A ɗori na uku ko na huɗu sautin ya fara cakuɗewa, wani lokaci lasifika ta ɗauki kuka. A wurin taro mai hayaniya abin ya fi haka: idan wata ta rangaɗa guɗa daidai lokacin da feda ke a buɗe, guɗar ta shiga zagayen, za ta yi ta dawowa duk bayan daƙiƙa takwas har waƙa ta ƙare. Manyan mawaƙa suna kauce wa wannan da makirufo biyu, ɗaya na naɗa ɗaya na rerawa, da abin ji na cikin kunne maimakon lasifikar da ke kallon dandamali. Yawancin na'urorin suna kuma ba da damar goge ɗorin ƙarshe kaɗai ba tare da taɓa na ƙasa ba.

Akwai iyaka ta ɓangaren tsarin waƙa ma. Zagaye ba ya sauya hanya. Waƙar da amshinta ke da kiɗa daban da na baiti tana bukatar na'ura mai layi da yawa, da ƙafa mai saurin tunani.

Masu yabo da masu suka

Masu goyon baya suna kafa hujja da abu biyu. Na farko, mai kallo yana ganin yadda ake haɗa waƙa tun daga tushe, abin da a da yake ɓoye a situdiyo. Na biyu, akwai kasada. Duk daren wasa zai iya lalacewa, kuma ba a samun dare biyu da zagayensu ya zama iri ɗaya sak. A wurinsu, wannan kasada ita ce ma'anar kiɗa kai tsaye.

Masu suka ba duka ne ke zargin yaudara ba. Makaɗa da dama sun yarda abin na gaske ne, amma suna cewa an rasa hirar da ke tsakanin mutane a dandamali, inda mai ganga ke ba mai jita amsa, mawaƙi ya juya ya kalli ɗan amshi su fahimci juna. Suna kuma ƙorafin cewa wasannin lufa sukan yi kama da juna: a fara da bugu, a ɗora, a ɗora, a cika, a kashe. Wanda ya ga waƙa uku a jere ya riga ya san yadda ta huɗu za ta fara. Wannan suka tana da tushe, kuma ƙwararru a fagen suna ɓata lokaci mai yawa wajen neman yadda za su ɓoye ginin cikin waƙar, kada jama'a su zauna jiran a gama jera kaya.

Suka mafi nauyi ta abinci ce. Kowane layi da mutum ɗaya ya ɗora, wurin wani makaɗi ne da ba a gayyata ba. Tsoron ba sabo ba ne. A ƙarshen shekarun 1920, da fim mai magana ya shigo, dubban makaɗan da ke kiɗa a gidajen silima na Amurka suka rasa aiki, ƙungiyarsu ta yi gangamin adawa da kiɗan faifai. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta fara nata gangamin kare kiɗa kai tsaye a shekarun 1960. A Maris ɗin 2003 makaɗan gidajen wasan Broadway a New York suka yi yajin aiki na kwana huɗu kan yawan makaɗan da dole a ɗauka a kowane wasa, bayan masu shirya wasanni sun nuna za su iya cike gurbi da kwamfuta. Amsar masu lufa ita ce, yawancin wuraren da suke wasa, kamar ƙananan gidajen abinci da bakin titi, dama ba su taɓa iya biyan mutum biyar ba. Wannan gaskiya ne ga ƙaramin mawaƙi. Bai amsa tambayar ba idan aka zo kan wanda ke cika filin ƙwallo.

Akwati ɗaya, aiki biyu

Duk bayanin da ya gabata ya tsaya ne a kan cewa na'urar ta hau dandamali ba komai a cikinta. To amma lufar zamani tana da ma'ajiya. RC-3 ta Boss, alal misali, tana da gurbi 99 na ajiye zagaye, tana da bugun ganga nata na ciki, kuma ana iya jona ta da kwamfuta a zuba mata kiɗan da aka haɗa a situdiyo. Wasu na'urorin suna gyara takun ƙafa da kansu, su ja shi ya faɗa daidai kan bugu. Manhajar Ableton Live, wadda wani kamfanin Berlin ya fitar a 2001, ana iya tsara ta tun daga gida ta san daƙiƙar da za ta fara naɗa da wadda za ta daina, mawaƙi bai taɓa feda ba. A irin wannan tsari sautin a wurin aka yi shi, amma kasadar ta ragu ƙwarai.

Ke nan ganin akwati a gaban mawaƙi ba shaida ba ce. Mutum na iya taka feda ya kunna kiɗan da ya naɗa makon jiya, wani kuma ya haɗa rabi a gaban jama'a ya ciro rabi daga ma'ajiya. Tambayoyin da ke raba gardama biyu ne: yaushe aka naɗi sautin, kuma wa ke riƙe da akalarsa yanzu? Mai kallo na iya gane amsar idan ya lura. Duk sautin da ya shiga zagaye, ya kamata a ga lokacin da aka yi shi sau ɗaya da hannu ko da baki. Idan aka ji kakaki ko fiyano ta shigo alhali babu ita a dandamali, daga ma'ajiya ta fito.

Amfani da kiɗan da aka naɗa ba laifi ba ne a kansa, manyan mawaƙan duniya suna yi. Ɓoyewa ce ke jawo rigima. Abin da ya rusa mawaƙa biyu na rukunin Milli Vanilli, har aka ƙwace musu lambar Grammy a Nuwamban 1990, shi ne sun bar duniya ta ɗauka muryarsu ce alhali ta wasu ce. Ƙasar Sin ta kai abin ga doka: ƙa'idojinta na wasannin da ake biyan kuɗin shiga sun haramta yaudarar 'yan kallo da waƙar bogi, tare da tara ga wanda aka kama. A mafi yawan ƙasashe kuwa babu irin wannan doka, magana ce tsakanin mawaƙi da mai shirya taro da wanda ya sayi tikiti. Inda doka ke shigowa a fili shi ne idan abin da aka zuba a na'urar kiɗan wani ne. Maimaita abin da ka kaɗa da hannunka daban, yanko guntun faifan wani kana wasa da shi a taron kuɗi daban, kuma a Najeriya wannan na ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022.

Abin da ya shafi mawaƙi da mai biki a ƙasar Hausa

Kiɗan Hausa a kan maimaici yake tsaye. Kalangu ya kama zango ɗaya yana juya shi, 'yan amshi suna dawo da layi guda, mawaƙi yana zuba magana a sama yadda ya ga dama. Haka Mamman Shata ya yi aiki. Mutum ɗaya ya riƙe taro ma ba baƙon abu ba ne: Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi, kuma a Nijar Mamman Sani ya naɗi kiɗansa shi kaɗai da ogan mai lantarki tun 1978. Ta fuskar tsari, iyakar da masu suka ke gani a lufa, wato rashin sauya hanya, ba ta cika damun irin wannan waƙa ba.

Akwai ma wani abu da lufa ta fi kiɗan filashi da shi a wurin biki. Waƙar da dije ya kunna tana da tsawo ƙayyadadde. Idan minti biyar ce, a minti biyar za ta ƙare, ko da uwar amarya yanzu ta taso za ta yi liƙi. Zagaye ba ya ƙarewa sai an tsayar da shi. Mawaƙi na iya tsawaita baiti, ya kama sunan baƙon da ya shigo, ya yi masa kirari, ya rage kiɗa ya bar murya, sannan ya koma amshi. Wannan ita ce damar da makaɗan gargajiya ke da ita, wadda mai bin faifai ya rasa. Abin da lufa ba za ta iya ba shi ne maganar kalangu. Mai kalangu yana jin abin da mawaƙi ya faɗa ya ba shi amsa da ganga, yana matse ta yana sakinta gwargwadon yanayin fili. Kalangun da aka naɗa a lufa kuwa, daƙiƙa takwas ɗin nan kaɗai ya sani.

Ta ɓangaren kuɗi, waɗanda za a ce lufa za ta kora daga fili, da yawansu fiyano da situdiyo sun riga sun rage musu kasuwa tun bunƙasar waƙoƙin fim. Don haka a nan ba rukunin makaɗa take takara da shi kai tsaye ba, da filashin dije take yi. Mawaƙin da zai koma gare ta sai ya iya kaɗa wani abu da hannunsa ko da bakinsa, ya kuma iya riƙe bugu, abin da mamin ba ya bukata. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala. Suna kuma son wuta tsayayyiya: yawancin fedojin bolt 9 suke ci, kuma a na'urori da yawa zagayen da ba a ajiye ba yana tafiya da zarar wuta ta ɗauke ko an sauya zuwa janareta. Mai niyyar wasa da ita a fili zai fi samun kwanciyar hankali da batir.

Ga mai shirya biki ko taro kuwa, kalmar "kai tsaye" ita kaɗai ba ta isa a yi ciniki da ita ba, tunda mutum uku za su iya faɗinta suna nufin abu uku. Tun wurin tsadance mawaƙi ya kamata a ji dalla-dalla: da muryarsa zai rera ko bin faifai zai yi, kiɗan a wurin za a haɗa shi ko daga filashi zai fito, kuma mutum nawa ne za su hau dandamali. Kuɗin kowanne daban ne, haka ma kayan sautin da wurin taron zai tanada.